Biyu Cikin Goma

Biyu cikin goma. Makin da Mai Sikeli ya ba Lasau ke nan, kuma tun daga ranar Lamine bai sake shan shayi a fada, majalisar samarin gari, cikin daɗin rai ba.

Lasau dodo ne a wasan waya mai suna Kokawar Dodanni, wasan da ya hana samarin Gidan Amumune sakat. Gajere ne mai tumbi, harshensa ya ninka jikinsa sau uku. Da shi Lamine ɗan kabu-kabu ya kayar da duk wani mai ji da kansa daga nan har Mayahi, har aka laƙaba masa Lamine Lasau, shi kuwa yana amsawa da fara'a.

Mai Sikeli kuma ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa. Hoton wasan kawai yake nunawa a shafinsa, muryarsa na'ura ta murɗe ta, ta koma kamar ta kwaɗo a cikin tulu. Kowace hantsi sai ya ɗauko dodo guda, ya auna zanensa da amfaninsa a fagen fama. Da ya zo kan Lasau bai raga masa ba. Launinsa, in ji shi, miyar kuka ce da ta kwana. Harshen kuwa tsawon banza ne, kafin ya naɗe shi abokin karawa ya farke masa ciki.

"Abu guda ya iya," in ji muryar, "lashe abin da wani ya dafa. Akwai wani a Gidan Amumune, sun dace da juna. Shi ma in zai kai duka, rufe ido yake yi."

Wannan ta ƙarshen ta fi ci wa Lamine rai, domin gaskiya ce. A tasha, fasinja sai ya hau moto ya zauna daram, sannan ya tambaye shi, yau nawa cikin goma? Ba wai Lamine baƙon tsokana ba ne. Bara ma ya ɗauki matarsa Tanna a bidiyo ta riƙe waya a juye, ya rubuta "gwanar gidanmu", gari ya yi sati yana dariya. To amma wanzami ba ya son jarfa.

Ya fara zargin Hammadu mai cajin waya, ya daina gaishe shi. Ya koma kan Moctar na Mayahi, wanda ya taɓa lallasawa. Da bincike ya ƙi ci, sai ya aika wa Mai Sikeli saƙo a bainar jama'a: hawainiyarka ta kiyayi ramata. In ka haifu, mu kara ranar Juma'a bayan la'asar, kai-tsaye, wanda ya faɗi ya buɗe kamara duniya ta ga fuskarsa.

Amsa ta zo kafin ya kai fasinjansa kasuwa: "Na yarda."

Lamine ya shiga shiri ba ji ba gani. Dama tun bara, kullum da safe yakan bar babbar wayar a gida jone da sola, ya fita da 'yar ƙarama saboda masu kira. In ya dawo sai ya tarar da Lasau ya ƙara ƙarfi, wani lokaci har da sabon salon duka. Yakan ce dodon ma ya san ubangidansa.

Ranar Alhamis yana cin tuwo yana huci.

"Wallahi Tanna, daga Tasawa har Mayahi sai kowa ya ga huskatai. Duk gurup ɗin da nike ciki sai na saka ta."

Tanna tana tsince wake, ba ta ɗago ba.

"In ka gan ta hwa, maigida, hankalinka ya kwanta?"

"Ke dai ba ki san komi ba cikin wanga sha'ani."

Ta ci gaba da tsince wakenta.

Juma'a fada ta cika har bakin hanya. Hammadu, duk da gabar da ake yi da shi, ya kawo babbar talabijin aka jona. Mutum ɗari huɗu da wani abu suna kallo ta waya. Furar da Tanna ta saba aikowa ba ta zo ba, wai kanta ke ciwo, Lamine ko a jikinsa.

Mai Sikeli ya fito da wani dodo mai ƙaho. Zagayen farko ya yi wa Lasau dukan kawo wuƙa, kamar ya san inda harshen zai faɗa kafin a jefo shi. Zufa ta karyo wa Lamine. A na biyu ya ciji leɓe ya rama da ƙyar. A na uku, jinin Lasau saura kaɗan, sai mai ƙaho ya tsaya cak a tsakiyar fage, kamar mai jiran a ɗauke shi hoto. Lamine bai tsaya tambayar dalili ba. Ya runtse ido ya danna sabon salon nan. Harshe ya miƙe, ya naɗe wuyan mai ƙaho, ya maka shi da ƙasa.

Fada ta kaure da ihu. Lamine ya haye kan benci, zuciyarsa fari ƙal, yana daka wa talabijin tsawa.

"Buɗe, ɗan banza! Kowa ya shirya wayatai ya ɗauka, kar wanda ya bari ta wuce shi!"

Wayoyi suka tashi sama. Allon ya yi baƙi, sannan haske ya fara shigowa. Ihun ya riƙa mutuwa daga layin gaba zuwa na baya, har Lamine ya ji ƙarar butar shayi a kan gawayi.

A cikin talabijin, zaune a tsakar gidansa, Tanna ce ke gyara hijabinta, ta dubi mutum ɗari huɗu ta ce, "Barka da nasara, maigida, ka ga amfanin dodon da na shekara ina yi maka renonsa."