Katin Tsibirin da Rana Ba Ta Faɗuwa

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba Baba ya dawo Yamai daga karatu a Turai. Wata rana bayan la'asar ya kira mu, ni da ƙanwata Hadiza, ya ciro wani kati mai hoto daga aljihu.

Tsibiri ne can ƙarshen arewa. Fararen tsuntsaye sun lulluɓe baƙaƙen duwatsu a bakin teku, ga kangon gidajen masuntan dā.

"Da idona na gani," in ji Baba. "Sai a yi wata guda rana ba ta faɗi ba."

Tambaya ta zo mini har baki, amma na tsaya jin nauyi. Sai Hadiza ta yi caraf: "To Baba, in azumi ya zo, yaushe za su sha ruwa?"

Ya yi dariya har da hawaye, ya miƙa mata katin. "Ungo, uwata. Kanki na ja."

"Ni ma abin da zan tambaya ke nan!" na ce.

"Ai ba ka tambaya ba."

Yau duk mun yi jikoki. In Hadiza ta ba da labarin nan ina taya ta dariya, amma tawa ba ta kai ciki.