Aski a Hawa na Huɗu

Mai aski ya hau benen asibiti har hawa na huɗu bai yi haki ba. Wata goma ke nan da ya bar giya. Teɓa ta zube, rawar hannu ta tafi.

Ƙaninsa yana kwance, idanu sun yi rawaya, hanta ta gaza.

"Yaya, ka koma saurayi fa," in ji shi, yana murmushi. "Zo ka rage min gemun nan."

Ya ɗora aska a kan kumatun da suka faɗa.

"Kai ka miƙo min kwalbar farko," ƙanin ya ce a hankali. "Da za ka daina, me ya sa ba ka kira ni ba?"

Askar ta soma rawa a hannunsa.