Ranar da Aka Cire Na'urar Unguwar Majema

"Mun shirya, Mai'unguwa?" in ji Alhaji Sallau.

"Mun shirya," in ji Barau. "A cire ta unguwarmu. Amma ranar da sauran suka saɓa, ni zan raba gardama."

Alhaji ya yi dariya, ya miƙa hannu. "Yaushe na'ura ta taɓa musu da 'yar'uwarta?"

A lokacin na'urori uku ke riƙe da iyakokin gonakin garin, abin da biyu suka faɗa ya zauna. Sun ce Alhaji ya ci iyakar gonar Kande, wata tsohuwa a Majema, shi kuma Alhaji ya rantse ta Majema, unguwar su Barau, ce ke zuga sauran.

Injiniya ya zo ya zare waya. Da aka sake tambaya, ɗaya ta ce Alhaji, ɗaya ta ce Kande, suka cije.

Barau ya gyara zaman hularsa, ya taka har gindin tsamiyar da ya sani tun yarinta. "Iyaka nan take, Alhaji."

Kande ta ci riba, gonarta ta dawo, Barau kuma aka koma yin sallama a ƙofarsa. Alhaji ya tashi a tutar babu, shi da na'urorin biyu, da har yau kowace safiya suke kiran ta ukun.