Faifan da ke Kan Furar Malam

Ina aji shida a makarantar ƙauyenmu, kusa da Gezawa, malamin zane ya buɗe mana wani littafi bayan azahar. Ya ce Turawa sun gaji da zana mutum kamar mutum, sai suka koma zana layi da launi zalla, wai shi ne zanen zamani. Ya ɗaga shafin, na ga zobba ja da kore da baƙi, ɗaya cikin ɗaya.

Daga gidanmu ake kai masa fura, an rufe kwanon da faifan da kakata Inna ta saƙa. Na ce, "Malam, ai Inna ta riga su. Ga irinsa nan a kan furarka."

Ya dubi faifan, ya dube ni. "Wannan murfi ne, ba zane ba. Ki ce kin yi kuskure."

Na ƙi. Na sha durƙuso har aka tashi.

Yau faifan yana rataye a falona, kuma ban taɓa rufe komai da shi ba.