Gashin Zabuwata

A shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, Inna ta haihu, aka ce jikinta na son romo. Abin yanka ɗaya ya rage a gidanmu, wato zabuwata da na raina tun tana 'yar tsako.

Ina cikin kuka kakana ya karɓe ta daga hannun Baba, ya ce a ba shi zuwa la'asar. Ya fige mata gashi ɗaya mai ɗigo-ɗigo, ya ɗauki gorarsa ta kamun kifi, ya ja hannuna zuwa ragowar ruwan tafkin bayan gari.

Ƙasa ta ƙeƙashe, babu tanar da za a sa wa ƙugiya. Sai ya zaro zare daga bakin hularsa, ya ɗaure gashin a ƙugiyar har ya koma kamar ƙwaro.

"Amarya, riƙe gorar nan," ya ce da ni. "Ba jifan kare za ki yi ba. Ajiye gashin kan ruwa a hankali, kamar kina gaida suruka."

Gashin na ta yawo, rana na sunkuyawa, ni kuwa wuƙar Baba kawai nake gani. Can sai gorar ta yi nauyi. Ya dafa hannuna muka jawo tarwaɗa mai kaurin damtsensa.

Na zauna cikin taɓo. Ko ranar ɗaurin aurena ban ji sanyin zuciya irin wannan ba.

"Tashi mu je," in ji shi. "Maijego ta samu romo, zabuwarki kuma ta fanshi wuyanta."