Ƙafar Aro

Ranar da aka cire mata filasta, wata baiwar Allah mai ɗinki ta lallaɓa ta taka kekenta, ya kuwa ɗauka. Maimakon murna sai gabanta ya faɗi. Tun da ta karye, maigidanta ke taka mata keken tana juya yadi, kafaɗa da kafaɗa, suna hirar da rabonsu da ita tun zamanin amarci.

Tana jin sallamarsa ta janye ƙafar. "Wash! Malam, har yanzu fa da saura."

"Ikon Allah! To aljani na jiyo yana ɗinki tun daga waje?"

Ta rufe fuska tana dariya. Ya jawo kujerarsa.

"Matsa mini, Hajiya. Irin wannan karayar ba ta son gaggawa."