Lasifikar da Ba Ta Rufa Asiri

Malam Hamadu ya jingina garayarsa da kantar shagon Alim, ya bi lasifikokin da aka jera har rufi da irin kallon da mahauci ke yi wa ramammiyar saniya.

Shi kaɗai yake wasa. Ba makaɗa, ba 'yan amshi. Garaya, makirfo, da lasifika ɗaya da zai iya ɗorawa a cinya cikin tasi. Tsohuwar lasifikarsa ce ta ci amanarsa a bikin unguwar Tsinga ran Asabar: bai kai rabin waƙa ba mata suka fara zamewa. Hajiya Kulsum, wadda bukukuwan unguwar Briqueterie ke bi ta hannunta, ta ce ta bar masa biki mai zuwa. In aka sake watsewa, Adamu za ta kira.

Adamu, mutumin unguwar Madagascar, wanda ya tsufa yana satar waƙoƙin Hamadu yana ɓata su.

Alim ɗan aminin Hamadu ne, saboda haka ya haɗiye duk abin da ya biyo baya. Ya nuna mai fitilu ja da kore, Hamadu ya ce ba gidan rawa zai buɗe ba. Ya jawo mai taya, aka tambaye shi ko ya taɓa ganin taya ta hau lungun unguwar nan da damina. Wata kuma ba ta da batir, ga wuta da ke ɗaukewa ba sallama. Aka rage biyu.

Hamadu ba ya gwada lasifika da muryarsa. Ba ya rera waƙa inda ba a gayyace shi ba, waƙar cikin waya kuwa, ko ta wane ce, bai taɓa tsayawa ya saurara ba. Alim ya ce yana da wani abu a wayarsa da zai faranta wa Baba rai. Ya haɗa ta da ta farko yana murmushi.

Sauti ya fito a lulluɓe, garaya da murya sun cakuɗe. Hamadu ya taɓe baki, ya nuna ta biyun da haɓa.

Nan komai ya fito fili. Garaya na gaba, murya na rarrafe a baya. Numfashi ya ƙare tun baiti bai ƙare ba. Mai waƙar ya haɗiye sunan amarya, ya yi tari, ya nemi kai murya sama ya dawo hannu biyu. Waƙar kuwa Hamadu ya san ta, shi ya tsara ta.

"Adamu ne," in ji shi. "Ji yadda jaki ya tattake min waƙa. Wanda maƙogwaronsa ya mutu haka, in yana da kunya, gida yake zama."

Murmushin Alim ya tafi.

Hamadu ya sa a maimaita. Ya saurara ido rufe, yana jin daɗin da ya daɗe bai ji ba. Ashe da wannan Hajiya ke masa barazana. Ya ce ta biyun zai ɗauka.

Alim ya roƙe shi ya ɗauki ta farkon. Ya ce ta fi sauƙin ɗauka, batirinta ya fi jimawa, kuma tana tausasa murya.

"Wannan ta masu abin ɓoyewa ce," in ji Hamadu. "Ni so nake na bayan layi ma ya ji kowane harafi."

Ya biya, ya rataya garaya, ya rungumi lasifikar ya fita neman tasi, kai a sama.

Alim ya daɗe yana kallon wayar kafin ya goge abin. Da hannunsa ya ɗauki sautin ran Asabar, a bikin Tsinga, inda babu wanda ya riƙe makirfo sai Malam Hamadu.